Filin Tambaya da Amsa: In Unguwa Za Ta Haɗa Kai Ta Kafa Rumbun Wutar Sola

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a kwana, zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka karkata ga sola. Na wannan watan yawancinsu magana ɗaya suke yi: maƙwabta su haɗa kuɗi, a kafa farantan sola da ɗakin batura guda, a ja waya zuwa gidaje. Mun zaɓi guda bakwai.

Assalamu alaikum. Mu gidaje ashirin ne a layi ɗaya, da masallaci da rijiyar burtsatse. Wasunmu na cewa kowa ya sayi nasa, wasu na cewa a haɗa. Wanne ya fi? In haɗawar ce, faranti nawa da batir nawa za su ishe mu? Daga shugaban kwamitin wata unguwa a Kano.

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Haɗawa ta fi, kuma ga dalili. Mai gida ɗaya dole ya sayi batir da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida) da za su ɗauke shi a daren da ya fi kowane dare jan wuta, ko da sau biyu irin wannan daren ke zuwa a wata. Gidaje ashirin kuwa ba sa jan wuta lokaci ɗaya. Wani ya yi tafiya, wani ya kwanta da wuri, firjin wannan na hutawa na wancan na aiki. Abin da wani bai taɓa ba shi wani ke amfani da shi, kamar hatsin rumbun gandu.

Kafin a tambayi farashin komai, a bi gida-gida da takarda da biro a rubuta abin da kowa zai kunna da awannin da zai yi. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Ga misalin matsakaicin gida: ƙwan fitila 6 masu wat 10 na awa 5 sun ci wat 300, fanka 2 masu wat 70 na awa 10 sun ci 1,400, talabijin da akwatin tauraron ɗan'adam, wat 80 na awa 5, sun ci 400, cajin wayoyi a ba shi 50. Jimla yunit 2.2 ke nan a kwana, gidaje ashirin yunit 44. A ce gidaje takwas na da firji, kowane yunit 1.2, an ƙara kusan 10. Injin burtsatse mai doki ɗaya da rabi, wato wat 1,100, na awa 3, yunit 3.3. Masallaci a ba shi 2. Kun tashi da yunit 60 a kwana. Ku lura fanka ce ta cinye fiye da rabin wutar kowane gida. Wanda ya sauya tsohuwar fankar sama da sabuwar nan mai cin wat 30 zuwa 35 ya rage wa unguwa kuɗin batir tun ba a saya ba.

Batir kuwa dare kawai ake yi wa lissafi, don da rana faranti ke ciyar da gidaje kai tsaye. A irin wannan unguwa kusan kashi 60 cikin ɗari na wutar bayan faɗuwar rana ake shan ta, wato yunit 36. A raba da 0.92 saboda asarar inbata da waya, a sake rabawa da 0.8 saboda ba a so a riƙa tatse batir ƙarƙaf. An samu kusan yunit 49. Batirin litiyam da ya fi yawa a kasuwa shi ne mai bolt 51.2 da amfiya 100, yana ɗaukar yunit 5.12. Guda 10 sun isa. Da kowa nasa zai saya, batir 20 da inbata 20 za su shigo layin nan.

Faranti: a Arewa rana mai ƙarfi takan kai awa biyar da rabi zuwa shida a yini, amma da biyar ake lissafi saboda Agusta da hazo. Zafi da ƙura da asarar caji kan cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Yunit 60 a raba da 5, a raba da 0.75, ya ba da kilowat 16. Da faranti mai wat 550, guda 30 ke nan. Mu dai 32 za mu ce, a jera su layi huɗu, takwas-takwas. Dalili shi ne kowane faranti na fitar da kusan bolt 50 in ba a ɗora masa nauyi ba, inbata da yawa kuwa iyakar abin da mashigarsu ke ɗauka bolt 500 ne. Mai haɗin da ya jera goma zai ce ai 495 ne, ya shige. Amma faranti na ƙara bolt in ya yi sanyi, kuma da sassafen hunturu jerin goman nan zai haura 500 ya ƙona mashigar. A tanadi filin da bai gaza murabba'in mita 120 ba, inda inuwar bishiya ko tankin ruwa ba ta faɗawa daga hantsi zuwa la'asar.

Inbata: tsakanin magariba da ƙarfe goma nauyin zai kai kilowat 7 zuwa 8. A sa mai jimlar kilowat 12 zuwa 15 saboda fizgar da firji ke yi in zai tashi. Gara guda uku masu kilowat 5 da aka ƙera don aiki tare, da babba guda ɗaya. In ɗaya ta lalace, unguwa ba ta kwana a duhu. Burtsatse kuma a kafa masa doka: daga ƙarfe goma na safe zuwa uku na rana kawai.

Mai haɗa mana ya ce batirin ruwa dogon nan ya fi araha, wani kuma ya ce litiyam. Ga garinmu da zafi. Kuma ta yaya za mu gane na jabu? Daga wani malamin makaranta a Sakkwato.

Malam, ranar saye batirin ruwa ya fi araha, amma a shekara biyar shi ya fi tsada. Mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar yunit 2.4 a rubuce, sai dai rabi kawai ake ɗiba in ana so ya daɗe, wato 1.2. Aikin da litiyam 10 za su yi a lissafin da ke sama, sai an jera na ruwa fiye da 30. Masu ƙera na ruwa kan ba shi zagaye 1,200 zuwa 1,500 na caji da saukewa. Litiyam nau'in LFP, wanda shi ya kamata ku nema, ana ba shi 4,000 zuwa 6,000. Duka alƙaluman nan a ɗaki mai zafin digiri 25 aka auna su, kuma nan ne maganar Sakkwato ta shigo. Batirin ruwa na rasa kusan rabin rayuwarsa duk lokacin da zafin ɗakinsa ya ƙaru da digiri 8 zuwa 10. Wanda aka ajiye a shago mai rufin kwano ba sili, a watan Afrilu da zafin waje ke wuce 40, ba zai ga shekara ta uku da ƙarfinsa ba. Ga shan ruwa: sai an riƙa duba shi duk wata ana ƙara masa tataccen ruwan batir, ba na famfo ko na leda ba. Yana kuma fitar da iska mai kama wuta lokacin caji.

Litiyam ma zafi na tsufar da shi, ko da bai kai na ruwa ba. Don haka ɗakin batura ba wurin tsimi ba ne. A yi shi da bulo mai kauri ko tubalin ƙasa, a sa sili, a buɗe tagogin iska biyu masu raga, ɗaya ƙasa ɗaya sama a bangon da ke fuskantarsa, a sa fankar zuƙe zafi. Kada bangon yamma ya sha rana kai tsaye. Rumfa ko bishiya ta wadatar. A ɗaga batura daga ƙasa kamar taƙi ɗaya saboda ruwan damina, a rataye ma'aunin zafi, a yi ƙoƙari kada ya wuce 35. A ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda a bakin ƙofa ta waje, kuma kada ɗakin ya zama ma'ajiyar tabarmi ko jarkar fetur.

Jabu kuwa iri biyu ne: tsofaffin ƙwayoyi a sabon akwati, da ƙananan ƙwayoyi da aka rubuta musu babban suna. Fara da sikeli. LFP mai yunit 5.12 na gaskiya nauyinsa na kaiwa kilo 42 zuwa 50. In ka ga 30, akwai magana. Sannan a yi gwajin saukewa kafin a biya cikon kuɗi. A cika batirin, a ɗora masa nauyin da aka sani, misali wat 1,000, a duba agogo. Ta cikin inbata ya kamata ya yi awa huɗu da rabi ko kusa da haka kafin ya yanke. In ya yanke a awa uku, a mayar. A nemi mai sayarwa ya nuna bolt na kowace ƙwaya a allon batirin ko a waya; sabon batir ƙwayoyinsa kusan daidai suke, kuma ma'aunin zagayensa bai yi nisa ba.

Abu biyu da ke kashe batura masu kyau a hannun mai haɗi. Na ɗaya, gauraya mai ƙwaya 15 da mai ƙwaya 16. Duka ana kiran su "bolt 48" a kasuwa, amma bolt ɗin cikarsu ya bambanta, ɗaya zai sha wahala kullum. Na biyu, rashin haɗa wayar sadarwa tsakanin inbata da na'urar BMS, wadda ke cikin batir tana kula da cajin ƙwayoyinsa, sai inbata ta riƙa caji da ka. A kuma haɗa kowane batir da sandar jan ƙarfe ta tsakiya da waya mai tsayi ɗaya da kauri ɗaya, kowanne da fis ɗinsa. In tsayin ya bambanta, na kusa ne zai riƙa ɗaukar nauyin, ya riga sauran mutuwa.

Mun riga mun kafa namu. Gidajen da ke kusa da ɗakin batura lafiya lau, amma na ƙarshen layi fankarsu da ƙyar take juyawa da daddare, firji kuma sai ya yi ta ƙara ba ya tashi. Batirin ne ya yi kaɗan? Daga wani mai shago a Zariya.

Ba batir ba ne, waya ce. Da ƙarfe takwas na dare a auna bolt a bakin inbata, a je gidan ƙarshe a auna. In inbata na ba da 230, gidan ƙarshe na ganin 205 ko ƙasa, wutar a hanya take zubewa.

Wayar alminiyam mai kaurin murabba'in milimita 16 na da turjiyar kusan om 1.9 a kowace kilomita. In nisan mita 200 ne, zuwa da dawowa 400 ke nan. Amfiya 30 a kanta, in yawancin nauyin can ƙarshe ya taru, zai zubar da bolt 23, kashi goma cikin ɗari, kuma kusan wat 700 na tafiya a dumama waya, wutar gida biyu cur. Mai milimita 35 a wannan nisan bolt 10 kawai za ta zubar. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada faɗuwar ta wuce kashi biyar cikin ɗari.

Ba lallai sai kun sauke tsohuwar ba. Ku ja sabon layi mai kauri daga ɗakin batura kai tsaye zuwa rabin gidajen da ke nesa, ku bar tsohon wa na kusa, kowane layi da birekarsa. Sannan a bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya. Inda aka murɗa jan ƙarfen wayar gida a kan alminiyam aka naɗe da salatif, wurin kan yi farin gari, ya yi zafi, ya ci bolt. Akwai maƙalar da aka yi musamman don haɗa ƙarafan biyu, ita za a sa. Firjin da ke ƙara ba ya tashi a cire shi daga soket har a gyara, in ba haka ba kwamfiresarsa za ta ƙone. Masu shirin kafa sabo kuma su ɗauki darasi: ɗakin batura a tsakiyar layi ake yin sa. Nisa ya ragu da rabi, nauyin kowane ɓangare ya ragu da rabi, faɗuwar bolt ta koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Ni ce ma'ajiyar ƙungiyarmu. Kowane gida na biyan kuɗi daidai wa daida duk wata. Yanzu wuta na ɗaukewa ƙarfe ɗaya na dare, ana zargin wasu na guga da dafa ruwa, har an fara gaba. Kuɗin da ake tarawa kuma iyakarsa albashin mai gadi. Ina mafita? Daga wata Hajiya a Kaduna.

Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan watan, don abin da kika faɗa shi ke rusa irin wannan haɗaka fiye da lalacewar kowace na'ura. Dutsen guga na jan wat 1,000 zuwa 1,200. Hitar dafa ruwa da ake tsomawa a bokiti 1,000 zuwa 1,500. Butar lantarki na kaiwa 2,000. Gida ɗaya da ya kunna hita awa ɗaya ya sha abin da fankar maƙwabcinsa za ta sha dare biyu. Matuƙar kuɗin wata ɗaya ne ga kowa, mai tsimi ne ke biya wa mai ɓarna, kuma wa'azi ba ya gyara wannan. Mita ke gyara shi.

A sa wa kowane gida mitar biya-kafin-sha, a akwati mai kulle a kan falwaya, ba a cikin gida ba, don kada a zagaye ta. A nemi irin wadda ake iya sa wa iyakar wat da lokaci. Da daddare a ba gida mara firji wat 400, mai firji 700. Wanda ya wuce, tasa ce kaɗai za ta yanke, ta dawo bayan 'yan mintuna. In kuɗin irin wannan mitar bai samu ba tukuna, a fara da ƙaramar bireka mai amfiya 2 ga gida mara firji, wadda ke ɗaukar kusan wat 460. Fitila da fanka da talabijin za su wuce, dutsen guga zai faɗar da ita. A kuma sa babbar mita a bakin inbata. Duk ƙarshen wata a tara na gidaje a gwada da ita. In gibin ya wuce kashi goma cikin ɗari, ko waya na zubarwa ko wani ya yi haɗin bayan fage.

Kada a hana guga, a sauya mata lokaci. Daga sha ɗaya na safe zuwa uku na rana, a yawancin ranaku batura sun kusa cika, farantai na zaune da wutar da ba mai ɗiba. A buɗe iyakar a wannan lokacin, a kuma rage kuɗin yunit ɗin rana. Mai guga da mai markaɗe da mai ƙanƙara da tela duk su koma nan. Wutar rana ba ta ratsa batir, don haka ita ce mafi araha da kuke da ita, kuma kuɗin masu sana'a ne zai riƙe asusun.

Sai farashin yunit. Batir na da ranar mutuwa, kuma tun yau ake tara kuɗin magajinsa. Ga yadda ake lissafin, da alƙaluman misali kawai, ku sa naku na gaskiya. A ce batura sun ci naira miliyan 12, inbata miliyan 4, ana sa ran sauya su a shekara 8, wato wata 96. Na batura 125,000 ke nan duk wata, na inbata kusan 42,000. Mai kula da wurin da wanki da ƙananan gyare-gyare a ce 60,000. Jimla 227,000. In tsarin na sayar da yunit 1,500 a wata, kowane yunit ya kama naira 151. A ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda faɗuwar darajar naira, ya zama kusan 180, a kuma sake duba shi duk wata shida. Wanda ya ce ya yi tsada a tuna masa ƙaramin janareta da ƙyar lita ɗaya ke ba shi yunit biyu, ban da baƙin mai da gyara.

Kuɗin sauyin a buɗe masa asusu daban a banki da sunan ƙungiya, sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu a fitar. Ba a ranta shi don biki ko jinya, komai kusancin mai nema. Masallaci da gidajen marayu da unguwa ta yafe wa biya su ma a sa musu mita, a san abin da suka sha, a raba wa masu hali da saninsu. Alheri ne mai kyau, amma a rubuce. Duk wata ki manna lissafin shiga da fita a inda kowa zai gani.

Gidaje biyar a layinmu suna da solarsu tun da, kuma da rana wutarsu na yin yawa. Na ji a Ostireliya mutum na zuba rarar wutarsa a batirin unguwa ya ɗiba da dare. Za mu iya haka? Daga wani ɗalibin injiniya a Bauchi.

Abin da ka ji gaskiya ne. A Ostireliya kusan gida ɗaya cikin uku na da faranti a rufinsa, har wutar rana ta yi wa layukan unguwanni yawa. A shekarar 2018 kamfanonin Western Power da Synergy suka kafa batir mai kilowat 105, mai ɗaukar yunit 420, a unguwar Meadow Springs da ke Mandurah, kudu da birnin Perth. Gidaje 52 suka shiga, kowanne na biyan dalar ƙasar ɗaya a kwana, ya ajiye har yunit 8 da rana ya ɗiba da yamma. A 2022 aka kafa wani a unguwar Fitzroy North ta birnin Melbourne, gwamnatin tarayyarsu kuma ta ware dalar ƙasar miliyan 200 don batura 400 na unguwanni.

Amma ka lura da abin da ke ƙarƙashin tsarin. Can layin kamfani ba ya ɗaukewa, shi ne hanyar da wutar ke bi ta je batir ta dawo. Kowane gida na da mita mai ƙirga shiga da fita, inbatarsa kuma irin mai bin bugun layi ce, wato kai-komon da wutar layi ke yi sau 50 a daƙiƙa. Ajiyar ma a lissafi take: mita ce ke rubuta abin da ka zuba da abin da ka ɗiba.

A nan yawancin inbatocin gidaje ba a yi su don tura wuta waje ba. Kowace na buga nata bugun, kuma in ka haɗa bakin biyu da ba su san da juna ba, nan take ɗaya ko duka za su ƙone. Kada a gwada. Hanyoyi biyu ne masu aiki. Mai sauƙin ita ce mai rarar faranti ya ba da su haya ko ya sayar wa ƙungiya, a ja wayarsu zuwa na'urar caji ta MPPT a ɗakin batura in gidan na kusa, a sa mita a kai, a riƙa rage masa kuɗi gwargwadon abin da suka kawo. Ɗayar ita ce a sa wa gidan inbata mai bin layi, babbar inbatar unguwa ta zama ita ke kafa bugun. Sharaɗi shi ne babbar ta iya ɗaga bugun kaɗan sama da 50 in batura sun cika, ƙananan su ji su rage turowa. In ba ta da wannan, rarar ba ta da wurin zuwa, sai tsarin ya yi ta yankewa da tsakar rana. Kuma jimlar ƙananan kada ta fi ƙarfin babbar.

Tunda karatu kake, bincika aikin kamfanin SOLshare a Bangladesh, wanda tun 2015 ya fara haɗa gidaje masu ƙananan sola a gundumar Shariatpur, maƙwabci na sayar wa maƙwabci ta wata mita ta musamman. Yanayinsu ya fi kusa da namu.

Muna da layin KEDCO, ko da yake wutar ba ta daɗewa. Doka ta yarda mu sayar wa junanmu wuta? Za mu iya bin wayoyinsu? Daga sakataren wata ƙungiyar masu gidaje a Katsina.

Wayoyinsu da falwayoyinsu da taransifoma ba a taɓa su sai da rubutacciyar yarjejeniya. Ban da doka, akwai rai: wutar da kuka tura layin da ma'aikaci ke zaton a mace yake za ta iya kashe shi a kan falwaya. Kowane gida mai layi biyu dole ya sa makunnin sauya layi, wanda masu wayarin ke kira cenjoba, irin mai yanke waya biyun duka, mai wuta da ta dawowa.

Hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki a Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin ƙananan tashoshin wuta a 2016, ta sabunta su a 2023. Bisa ƙa'idojin 2023, a wurin da layin kamfani bai kai ba, tashar da abin da take rabawa bai wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta. Daga nan zuwa megawat ɗaya sai da izini. A wurin da kamfani ke da layi amma wutar ba ta isa, kamar naku, hanyar da aka tanada ita ce yarjejeniyar ɓangare uku: al'umma, mai kafa tashar, da kamfanin rarraba wuta. Mai tashar na biyan kamfani kuɗin amfani da layinsa, ya sayi wutarsa in ta zo, ya cike sauran da sola da batir. An yi irin wannan a garin Toto na jihar Nasarawa tsakanin kamfanin PowerGen da AEDC mai rarraba wuta a yankin Abuja, an kuma yi a Zawaciki da ke ƙaramar hukumar Kumbotso a Kano tsakanin kamfanin Bagaja da KEDCO.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa hukumominsu, wasu kuma sun karɓi ragamar, don haka ku fara tambaya a ma'aikatar da ke kula da wuta a jiharku. Ku yi wa ƙungiyar rajista a matsayin ƙungiyar gama kai, ku rubuta yarjejeniyar filin da aka kafa kayan, mai unguwa ya shaida, a fayyace abin da zai faru in mai filin ya rasu ko ya sayar, da abin da za a mayar wa wanda ya tashi daga unguwa. In unguwar babba ce, ku tuntuɓi hukumar REA mai samar da wuta a karkara. Shirin DARES na faɗaɗa wutar sola, mai dala miliyan 750, da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2023 ta hannunta yake bi, kuma kamfanoni masu kafa tashoshi yake tallafa wa, su kuwa al'umma mai haɗin kai da rubutaccen lissafin buƙatarta suke nema.

Da hunturu cajinmu na raguwa sosai, da damina kuma tsawa ta taɓa ƙona mana inbata. Me za mu yi? Daga wani mai kula da solar unguwa a Maraɗi.

Hazon da ke sama ba yadda za ka yi da shi, amma ƙurar da ta kwanta a kan gilashi taka ce. Daga Nuwamba zuwa Maris a wanke farantai sau biyu a mako, da sassafe kafin su yi zafi, da ruwa zalla da tsumma mai laushi a kan sanda. Ba omo, ba soson ƙarfe, ba taka faranti da ƙafa. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafin tsakar rana na iya tsaga shi. Kashin tsuntsu a cire shi ranar da aka gan shi, don tabo ɗaya na rage wutar jerin gaba ɗaya. Farantai su fuskanci kudu, a karkace digiri 12 zuwa 15. Wanda aka shimfiɗa a kwance ƙura da ruwa ke taruwa a kansa. Ka riƙa rubuta yunit ɗin da aka samu kowace rana a littafi, kana gwada layukan farantan da juna. Layin da ya gaza 'yan'uwansa a rana ɗaya, akwai datti ko inuwa ko mahaɗin da ya saki.

Tsawa kuwa ba sai ta faɗo a kanku ba. In ta sauka kusa, dogayen wayoyin da kuka ja zuwa gidaje su ke kwaso ta su kawo wa inbata. A sa na'urar kare fizgar wuta a wuri biyu, ɓangaren farantai da bakin layin da ke fita unguwa, kowace da irin tata, don ta faranti daban take da ta layin gida. Ba ta aiki sai da hanyar ƙasa mai kyau. A kafa sandunan jan ƙarfe aƙalla uku masu tsayin mita ɗaya da rabi ko fiye, tazarar da ke tsakaninsu ta kai tsayinsu, a haɗa su da waya mai milimita 16, a ɗaure ƙarafan farantai da jikin inbata da akwatin batura duk a kanta. Ƙasar Maraɗi yashi ce mai bushewa, don haka a kafa su inda ke samun danshi, a sa mai na'urar awo ya auna a watan Maris ko Afrilu lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Bayan kowace tsawa mai ƙarfi ka duba 'yar tagar da ke jikin na'urar kariyar. In ta koma ja, ta gama aikinta, a sauya ta kafin hadari na gaba.